Kayan da ba su da suna: gidan tarihi da tarihin ƙasar Adar

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin diddigin yadda gidan tarihi ya shigo ƙasar Hausa, a Nijar da Nijeriya, sa'an nan ta dubi abin da ƙasar Adar za ta iya samu ko ta rasa a cikinsa. Ra'ayinmu shi ne, kayan da aka adana ba tare da sunansu da bayanin masu su ba, rabinsu kawai aka adana.

1. Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kan wannan karin magana ne ake kai ƴan makaranta ziyara gidan tarihi, don su ga da idonsu abin da malami ya faɗa musu a aji. To amma ɗan makarantar da ya taso daga Kalfu, gabas da Tawa, ya yi tafiyar kilomita fiye da 500 zuwa Yamai, me yake gani, kuma da wane harshe ake gaya masa sunan abin da ya gani? Wannan tambaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Za mu fara da kalmar kanta, mu bi da tarihin gidajen, sa'an nan mu komo ga Adar.

2. Kalmar

Hausa ba ta da kalma guda ta asali mai nufin abin da Faransanci yake kira musée. Ana cewa gidan tarihi, ko gidan adana kayan tarihi, a Yamai kuwa jama'a sun ari kalmar Faransancin suna cewa muze. Ita kanta kalmar tarihi aro ce daga Larabci, kamar labari, kuma ta hannun malamai ta shigo tare da rubutu. Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san adana abin da ya wuce ba. Yana da kalmar gado, wadda ta haɗa gona da sana'a da sarauta da tsafi. Tambarin da ke fada, takobin kakan sarki, uwar maƙerar da ɗa ya karɓa daga hannun ubansa, duk kayan gado ne. Bambancin shi ne, kayan gado suna da mai su, suna da ranar da ake fito da su, kuma akwai wanda bai kamata ya gan su ba. Kayan gidan tarihi kuwa na kowa ne, kullum a buɗe suke, amma sun daina aiki. Duk gardamar da za ta biyo baya daga wannan bambanci ta taso.

3. Yadda gidan ya shigo

A yankin da Faransa ta mallaka, tattara kaya ya riga gina gidajen ajiye su. Tawagar Marcel Griaule, wadda ta ratsa Afirka daga Dakar zuwa Jibuti tsakanin 1931 da 1933, ta koma Faris da kaya fiye da 3000. A 1936 aka kafa cibiyar IFAN a Dakar, ta buɗe reshe a Yamai a 1944. Daga wannan reshe ne gidan tarihi na ƙasa ya fito. An buɗe shi ranar 18 ga Disamba 1959, bisa ƙoƙarin Bubu Hama da Pablo Toucet, wanda ya zama shugabansa na farko, kuma tun 2008 gidan yake ɗauke da sunan Bubu Hama.

Dole a yaba wa waɗanda suka tsara shi, domin ba su yi gini guda mai ƙofa a rufe ba. Sun yi fili mai faɗi, da ɗakunan nuni a warwatse: na tufafi, na kayan kiɗa, na zanen duwatsu, na ƙasusuwan dabbobin da aka tono a Gadufawa. Sun gina samfurin gidajen al'ummomin ƙasar, sun kawo namun daji, sun zaunar da maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban mai ziyara. Nan ne kuma aka kai gangar itacen Tenere bayan da mota ta kayar da shi a 1973. Saboda haka talaka bai ji tsoron shiga ba, abin da ba kowane gidan tarihi na Afirka ya samu ba. Daga baya aka buɗe na jiha a Damagaram da Doso.

A Nijeriya ta Arewa hanyar ta ɗan bambanta. Bayan gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, tsofaffin gine-gine aka riƙa mayarwa wurin nuni. A Kano akwai Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, shi da ya fara makarantar boko a Kano a 1909. A Katsina ginin tsohuwar kwalejin da aka buɗe a 1922 ne aka mayar gidan tarihi. A Sakkwato hukumar tarihi da al'adu mai sunan Waziri Junaidu ce take riƙe da littattafai da wasiƙun daular. A waɗannan wurare bangon kansa shaida ne. Sai dai tarihin da suke bayarwa na birni ne, na fada da malamai. Ga ƙasa irin Adar, wadda yawancin tarihinta a ƙauyuka yake, ba dukan wannan tsari ne zai yi daidai ba.

4. Abin da Adar take da shi

Adar ba ta rasa masu rubuta tarihinta ba. A shekara guda, 1975, jerin littattafan Études nigériennes ya fitar da ayyuka biyu a kanta: na Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa, da na Nicole Échard a kan tarihin manoman Hausawan Adar. Daga cikinsu muke karanta cewa a 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya karɓe Adar daga hannun Kabi. Cewa bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas, wajen 1721, ya komo Adar ya kafa gidan sarautar da daga baya ya zauna Illela. Cewa a farkon ƙarni na 19 jihadin Muhammad al-Jilani ya girgiza arewacin ƙasar. Cewa Kel Gress da Iwillimmidan sun yi ta jayayya a kanta har zuwan Faransawa a ƙofar ƙarni na 20.

Amma ƙarƙashin wannan tarihi na sarakuna da yaƙe-yaƙe akwai wani, na Azna masu ƙasa, na dangogin da suka sauko daga duwatsu suka sare daji, na mahalba da maƙera. Wannan tarihi ba a takarda yake ba. Yana cikin jerin sunayen kakanni, da kirarin dangi, da sunayen tsofaffin kufai, da wasan barkwanci tsakanin wannan gari da wancan. Ita kanta Tawa, ana ba da labarin cewa daga ƙauyuka biyu ta taso, Bilbis da Fakuwa, kuma Bilbis har yau sunan unguwa ne. Babu akwatin gilashin da za a sa wannan a ciki.

Misali mafi bayyana shi ne narka tama. Maƙeran Adar sun daɗe suna fitar da ƙarfe daga dutsen ƙasarsu, kafin ƙarfen Turai da tarkacen motoci su kashe sana'ar. A shekarun 1960 Nicole Échard ta ɗauki aikin a fim, ta sa masa suna Noces de feu, watau bikin auren wuta, domin maƙeran da kalmomin aure da haihuwa suke fassara abin da ke faruwa a cikin murhun. Idan aka ɗauko zugazugi da masaba da awartaki aka jera su a ɗaki, an sami kayan aikin. Amma sanin wane dutse ne tama, wane itace ne ke ba da gawayin da ya dace, me ake faɗa kafin a hura wuta, wa aka hana kusantar wurin, duk wannan a bakin mutane yake, kuma da su yake tafiya kushewa.

5. Matsalar suna

A nan ne mai nazarin harshe yake da abin faɗa. Masu tattara kaya na zamanin mulkin mallaka da harshensu suke cika katin bayani, kuma harshen nasu bai yanka duniya yadda Hausa ta yanka ta ba. Bari mu ɗauki misali biyu.

Daga duma Bahaushe yake samun ƙwarya, ƙoƙo, masaki, ludayi, gora, buta, jallo, shantu da zunguru. Ƙoƙo na shan ruwa ne ko na bara, masaki na babban aiki ne, shantu abin kiɗan mata ne, zunguru kuwa hannun mai lalle ake sawa a ciki. Faransanci yana iya tara su duka ƙarƙashin calebasse. Haka nan hauya, galma, kwasa, sungumi da magirbi: kowanne da lokacinsa a cikin shekarar manomi, sungumi na shuka, galma na huɗa, magirbi na kaka. Katin da ya ce houe ya share kalandar noma baki ɗaya.

Yaron Kalfu da ya tsaya gaban irin wannan kati yana koyon abu biyu a lokaci guda. Na farko, cewa abin da ke ɗakin kakarsa ya cancanci a nuna shi. Na biyu, cewa sunan da kakarsa take kiransa da shi bai cancanci a rubuta shi ba. Darasi na biyu yana rushe na farko. Ga shi kuma lokaci ba ya jira: kwanon sha na ƙarfe da na roba sun kori ƙwarya daga gidaje da yawa, samarin Adar kuwa, kamar iyayensu, suna shafe watanni ko shekaru a Abijan ko Libiya wajen bida. Idan kaya suka fita daga amfani, sunansu yana bin su bayan tsara ɗaya ko biyu.

Wannan ya shafi har maganar maido da kayan da aka kwashe. Bayan jawabin shugaban Faransa a Wagadugu a 2017 da rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018, an mayar wa ƙasar Benin kaya 26 a 2021. Abin farin ciki ne. Amma mu a Nijar mun ga wani darasi tun kafin nan. Tukwane da mutum-mutumin Bura, waɗanda Bube Gado ya tono a 1983, sun yi suna bayan nunin Vallées du Niger da aka buɗe a Faris a 1993, sai masu haƙa ta ɓarauniyar hanya suka afka wa wuraren. Tukunyar da aka ciro ba tare da an rubuta inda take da abin da ke kusa da ita ba, ko ta komo gida, ta komo bebiya. Kayan da aka raba da sunansu ma haka suke.

6. Wace Hausa za a rubuta?

Wani zai ce maganin mai sauƙi ne, a fassara katin zuwa Hausa. Lalle hanya ta buɗe, tun da kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma fassara daga Faransanci ba za ta maido da abin da Faransancin ya riga ya zubar ba: wanda ya fassara calebasse zai rubuta ƙwarya ko da zunguru ne a gabansa. Sai a koma wurin masu kayan a tambaye su.

Akwai kuma maganar karin harshe. Adaranci, wanda Bernard Caron ya bayyana a littafinsa na 1991, yana da kamanninsa: hwari a maimakon fari, tahi a maimakon tafi, ɗiya a maimakon ƴa, sunka da munka a maimakon suka da muka, rigas sarki a maimakon rigar sarki. Ƙa'idar rubutu, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa ƙudurin 1999 a Nijar, daidaito take nema, kuma makaranta tana bukatarsa. Gidan tarihi kuwa aikinsa adana bambanci ne. Shawararmu ita ce kati ya ɗauki layi uku: sunan yadda mai kayan ya furta shi, da garin da aka ji shi, sunan a daidaitacciyar Hausa, sa'an nan fassara. Inda kayan na Buzaye ne ko na Fulani, layin farko da Tamajak ko Fulatanci za a rubuta shi, domin Adar ba ta taɓa zama ƙasar harshe guda ba.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna fitar da shawara uku ga duk mai niyyar tattara kayan tarihin Adar, a Tawa ne ko a ƙauyukanta. Na ɗaya, kada a karɓi kaya sai tare da muryar mai shi, a ɗauke ta a adana, kamar yadda cibiyoyin IRSH da CELHTO suka saba yi da labarun baka a Yamai; wayar hannu ta sa wannan aiki ya yi arha. Na biyu, abin da yake da mai shi kuma yake aiki, kamar kayan fada ko na buɗin daji, a bar shi inda yake, a rubuta shi a ɗauki hotonsa da iznin masu shi. Na uku, a sa ɗalibai su fara da gidajensu: kowane aji a Kalfu ko Bambai ko Keita yana iya tara sunayen kayan noma da na ɗaki daga bakin tsofaffi, a gwada na wannan gari da na wancan. Wannan ba ya bukatar gini, littafin rubutu da malami mai himma sun isa. Tsofaffin da suka ga narka tama da idonsu suna ƙarewa, saboda haka da su ya kamata a fara.