Makarantar Porto-Novo da Horar da Lauyoyi kan Dokar Kasuwanci ta Bai Ɗaya

Ƙasashen Afirka renon Faransa sun sami 'yancin kai ne riƙe da dokokin ciniki da aka rubuta domin wata ƙasa da wani zamani, wato kundin kasuwanci na Faransa na 1807 da dokokin kamfanoni na 1867 da 1925, kuma da yawansu sun ci gaba da shari'a da su har bayan ita Faransar ta sabunta nata. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 lamarin ya kai ga lauya kan kasa faɗa wa mai zuba jari takamaiman dokar da ke aiki, balle ya yi hasashen yadda alƙali zai fassara ta. Wannan rashin tabbas ne ya haifar da yarjejeniyar da aka rattaba wa hannu a birnin Port-Luwi na tsibirin Moris ranar 17 ga Oktoba 1993, wadda ta kafa OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, bisa aikin da masanin shari'a ɗan Sanagal, Keba Mbaye, ya jagoranta.

Hikimar waɗanda suka tsara yarjejeniyar ta fi bayyana a sashe na 41, inda suka tanadi makaranta a cikin matanin kansa, maimakon su bar batun horo a hannun kowace ƙasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dokokin bai ɗaya, wato dokokin da majalisar ministocin ƙungiyar ke zartarwa, suna aiki kai tsaye a kowace ƙasa tare da rushe duk tanadin cikin gida da ya saɓa musu, saboda haka da na farkonsu suka fara aiki a ranar 1 ga Janairu 1998, alƙalai da lauyoyi da magatakardan kotu suka wayi gari ilmin da suka yi shekaru suna tinƙaho da shi kan kamfanoni da jingina ya tsufa. Makarantar, wadda aka fi sani da ERSUMA, an ajiye ta a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin, kuma aikinta shi ne sake koyar da waɗanda tuni suke bakin aiki, tare da horar da masu horarwa da za su koma gida su karantar da wasu.

Akwai kuma kotun ƙungiyar da ke Abijan, wadda ta karɓe matsayin kotun ƙoli a shari'o'in da suka shafi waɗannan dokoki, kuma idan ta soke hukunci ita ce ke yanke maganar da kanta ba tare da mayar da ita ƙaramar kotu ba. Lauyan Yamai ko Injamena da bai bibiyi hukunce-hukuncenta ba, da wuya ya kare wanda yake wakilta yadda ya kamata.

Inda tsarin ya yi rauni shi ne harshe. Yarjejeniyar farko Faransanci kaɗai ta amince da shi, sai a gyaran da aka yi mata a Kibek a 2008 aka ƙara Ingilishi da Sifaniyanci da Fotugis, amma fassarar dokokin ta yi jinkirin da ya sa lauyoyin yankin Kamaru mai amfani da Ingilishi suka sanya ta cikin buƙatunsu a yajin aikin 2016. Nijeriya kuwa ba ta cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar, alhali Nijar da Cadi da Kamaru da Benin duk suna ciki, don haka lauyan Kano da aka horar kan tsarin shari'ar Ingila, idan bashin mai hatsi ya tsallaka zuwa Maraɗi, dole ya nemi takwaransa na can wanda ya san hanyar karɓar bashi a ƙarƙashin dokar OHADA.