Aya 'Yar Yopougon da Abijan ɗin Iyayenmu

A shekarar 1978 Kwaddibuwa na kan ganiyarta. Ta sha gaban Ghana wajen noman koko, farashin koko da gahawa ya yi tashin da ba a saba gani ba, kuɗi na shigowa ta tashar jiragen ruwan Abijan. Turawa har suna kiran abin da mu'ujizar tattalin arziki. A wannan zamani Marguerite Abouet ta dasa labarinta na Aya de Yopougon, wanda Clément Oubrerie ya zana. Littafin farko ya fito a 2005, ya ci kyauta a bikin littattafan zane na Angoulême a Faransa a 2006. A 2013 su biyun suka mayar da littattafai biyu na farko fim ɗin katun, Aïssa Maïga ta ba Aya murya.

Labarin ba shi da wuyar bi. Aya 'yar shekara 19 ce, burinta ta zama likita. Ƙawayenta biyu, Adjoua da Bintou, hankalinsu na wajen rawa da samari. Adjoua ta yi ciki, ta ɗora wa Moussa, ɗan attajiri Sissoko mai kamfanin giya, aka ɗaura aure a gurguje. Da jariri ya zo sai kama ta tona asiri, domin Mamadou ya ɗebo, matashin da ko sisi ba ya magani. Ita kuwa Bintou ta faɗa hannun Grégoire, mai taƙama da cewa daga Paris ya sauka.

Ni a Treichville aka haife ni, a gidan fataken goro da suka taso daga Maraɗi. Na fara ganin fim ɗin a faifai da na saya a Adjamé, ina saurayi, kuma dariya ce ta riƙe ni: rowar Sissoko, sakarcin Moussa, da teburan kasuwa da masoya ke mayarwa masauki da dare har suna kiran wurin otal mai taurari dubu. Da na sake zama na kalle shi bayan shekara goma, ina da 'ya'ya mata biyu, idona ya koma kan iyayen da kuma garin kansa.

Abijan gari ne da aka yanka shi kashi-kashi tun zamanin Faransa. Turawa suka zauna a Plateau, aka tura baƙar fata Treichville a kudu, ƙetaren ruwa, da Adjamé a arewa. Da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, manyan jirage suka samu shiga, sai aiki ya buɗe, mutane suka yi ta kwarara daga Haute-Volta da Mali da Nijar da Najeriya. Hausawa suka shigo da shanu da albasa, suka fita da goro. Shugaba Houphouët-Boigny ya buɗe wa baƙi ƙofa, har ƙidayar 1975 ta nuna kusan kashi 22 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne. Yopougon kuwa sabuwar unguwa ce a lokacin, kamfanonin gidaje na gwamnati, SICOGI da SOGEFIHA, suka gina wa ƙananan ma'aikata. Shi ya sa gidan su Aya ke da talabijin, ubanta Ignace na da albashi da mota.

Wannan wadata ita ce na gani ƙarara a kallo na biyu. Masu fim ɗin sun saka tallace-tallacen talabijin na gaske na wancan zamani a tsakanin zanen, mutane cikin ƙoshi suna murmushi. Wanda ya san abin da ya biyo baya ba zai kalle su da sakakkiyar zuciya ba. Farashin koko ya fara gangarowa tun ƙarshen shekarun 1970. A 1987 gwamnati ta dakatar da biyan bashin waje. A farkon shekarun 1990 aka ɗora wa baƙi katin zama, wanda iyayenmu suka riƙa saye da guminsu. Houphouët ya rasu a Disamban 1993, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Sai aƙidar ivoirité ta zo, mai tambayar wane ne ɗan ƙasa na asali, sai juyin mulkin 1999, yaƙin 2002, da rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 da ya ci rayuka kusan 3,000. Mutanen cikin fim ɗin ba su san komai daga cikin wannan ba. Damuwarsu ita ce wa zai auri wa.

Abouet, wadda aka haifa a Abijan a 1971 ta tafi Faransa tana 'yar shekara 12, ta so ta nuna Afirkar da babu yaƙi babu yunwa a cikinta. Ta yi hakan ba tare da ta wanke kowa ba. Ignace ya fi son 'yarsa ta samu miji mai kuɗi a kan ta zama likita, kuma shi kansa ba tsarkakakke ba ne a wajen matarsa Fanta. Iyayen Adjoua sun ga cikin 'yarsu a matsayin tsani zuwa gidan attajiri. Yau na san irin waɗannan iyaye a layinmu, masu cire yarinya daga lakwal da zarar mai hali ya yi sallama. Idan Aya ta dage kan karatunta, 'ya'yana nake gani.

Hausawa ba sa cikin jaruman labarin, amma duk wanda ya tashi a Treichville ko Adjamé zai gane tsakar gidan haya da kowa ke jin sirrin kowa, da hayaniyar gbaka, da mai suyar ayaba a bakin titi. Sawunmu ma yana cikin garin. Abincin da talakan Abijan ya fi dogara da shi, attiéké da soyayyen kifi, sunansa garba, kuma 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi.

Abouet ba ta tsaya ga zane ba. Ƙungiyarta Des Livres Pour Tous ta buɗe ɗakunan karatu na yara a Adjamé da Treichville, unguwannin da suka karɓi kakanninmu. Abin da ya rage mana shi ne namu labarin. Dattawan da suka ga Abijan ta 1978 da idonsu, suka sauke goro da shanu a cikinta, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da irin wannan dattijo a gida, ya zauna da shi da alƙalami tun yana iya magana.