Daga Gafaka Zuwa Kwamfuta: Tarihin Adana Littattafan Shari'a a Ƙasar Kabi da Gwandu

Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramar kotu a Augie, ko Argungu, ko Birnin Kebbi, ya san littattafan da alƙali ke aiki da su ba su cika kabad ɗaya ba. Amma fa da waɗannan 'yan littattafai ake raba gado, ake raba gardamar iyakar fadama tsakanin manoman shinkafa, ake ɗaure aure ko a warware shi. In littafin da ake bukata ya ɓata, ko kuwa yana nan amma ba wanda ya san inda yake, to talaka ne zai sha wahalar ɗage shari'a. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in ɗan bi diddigin yadda aka yi ta tsara irin waɗannan littattafai a ƙasarmu.

A zamanin da, laburaren alƙali gafakarsa ce da adakarsa. Kowane littafi rubutun hannu ne, warƙa-warƙa, ba ɗinki, an sa shi cikin tadarishi an ɗaure da tsirkiyar fata. Fihirisar kuwa tana cikin kan malam. Ya san fanni-fanni, watau fiƙihu daban, nahawu daban, tauhidi daban. A cikin fiƙihun ma akwai tsani: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, Askari, har a kai ga Muhtasar na Halilu, wanda malamanmu suka kasa biyu suna kira Lawwali da Sani. Alƙali kuma ba ya rabuwa da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim mutumin Andalus. Kowane matani yana tafe da sharhinsa, kowane sharhi da hashiyarsa, kamar yadda Dasuƙi ke bin Dardiri, Dardiri ke bin Halilu. Ni a ganina wannan tsari ne cikakke, illarsa ɗaya ce: ran da malam ya rasu, fihirisar ta bi shi kabari, magada kuma su raba littattafan kamar yadda za su raba awaki, wannan ya ɗauki Lawwali, wancan ya ɗauki Sani.

Ƙasarmu ba saye kawai ta yi ba, ta wallafa. Bayan da Birnin Kebbi ya faɗi hannun masu jihadi cikin 1805, Kabawa suka ja da baya suka kafe a Augie da Argungu, Gwandu kuwa ta zama cibiyar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Shi ne ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano wajen 1806, da mutanen birnin suka roƙe shi ya bar musu abin da za su yi hukunci da shi. Ko da yake kakanninmu Kabawa da Gwandawa sun shafe shekaru suna gwabzawa, mazhaba ɗaya suke bi, littattafan Malikiyya ɗin nan su ne a hannun malaman ɓangarorin biyu.

Zuwan Turawa ya ƙara wa kabad ɗin alƙali kaya. Cikin 1916 aka buga littafin Ruxton mai taƙaita Muhtasar da Ingilishi, domin Razdan da Di'o su san abin da alƙalai ke karantawa. Cikin 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci cikin 1947. Sa'an nan ga dokar Final Kot wadda ta fara aiki cikin 1960, shekarar da aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa. Cikin 1968 kotuna suka fita daga hannun En'e suka koma na gwamnati. Da aka kai nan, kabad ɗaya ya ƙunshi rubutun hannu, da bugun Masar da na Bairut, da dokokin gwamnati na Ingilishi, da fassararsu ta Hausa, ga kuma rajistar shari'u da Larabci ko ajami ko boko. Kan mutum ɗaya ba ya iya riƙe wannan duka.

Manyan makarantu su suka fara aikin rubuta fihirisa. Kensdale ya fitar da ta rubutattun littattafan Larabci na Jami'ar Badun tsakanin 1955 da 1958. Cikin 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar tattara su a can Badun, a Zariya kuma Abdullahi Smith ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa, inda aka riƙa bin gidajen malamai ana ɗaukar hoton littattafai. Ta Gidan Tarihi na Jos ta fito cikin 1965. A Sakkwato akwai ma'ajiyar da ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu. Daga baya, cikin 1995, Hunwick ya fitar da babban kundi mai jera marubutan wannan yanki da abin da kowa ya rubuta, da inda kwafin yake.

Wajen jera littattafai kan kanta kuwa, nan aka sami ƙaiƙayi. Tsarin Dewey, wanda ya fito a Amurka cikin 1876, ya ba Musulunci lamba 297, ya ba shari'a 340. To, ina za a sa Muhtasar? Ma'aikacin laburare ɗaya ya kai shi addini, wani ya kai shi shari'a, matani ya kwana a wannan kusurwa, sharhinsa a waccan. Wata Baturiya mai suna Elizabeth Moys, wadda ta riƙe laburaren Jami'ar Ikko, ta fitar da tsari na musamman domin littattafan shari'a cikin 1968, kuma ɗakunan karatu na lauyoyi da yawa a Nijeriya shi suka ɗauka. Ta ware wa shari'un addini sashe guda, KD, ta bar KP domin dokokin ƙasar da laburaren yake. Wannan gyara ne babba, amma har wa yau ga tambaya: a Jihar Kebbi, inda aka faɗaɗa aiki da shari'a cikin 2000, Risala littafin addini ce ko kuwa dokar ƙasa? Alƙalin da ke hukunci da ita kullum zai ce duka biyun.

Kwamfuta ta shigo wannan fage ne a hankali. Cikin 1985 UNESCO ta fara raba manhajar CDS/ISIS kyauta ga ƙananan ɗakunan karatu. Wajen tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta samar wa jami'o'in tarayya wata mai suna TINLIB, da yawansu kuma suka watsar da ita saboda tsadar sabunta lasisi da rashin masu gyara. A ɓangaren rubutun hannu, Charles Stewart ya soma wata ma'ajiya ta kwamfuta a ƙarshen shekarun 1980 da littattafan wani gidan malamai na Butilimit a Muritaniya, mai karɓar Larabci da boko gaba ɗaya, daga baya aka zuba na wasu wurare a ciki. Sai kuma Koha, wadda aka ƙirƙira wa wani ƙaramin laburare a ƙasar New Zealand ta fara aiki cikin 2000. Ba a biyan kuɗin lasisinta, tana kuma karɓar haruffan Larabci. Kotu mai littafi 200 ko 300, tsohuwar kwamfuta ɗaya da farantin hasken rana sun ishe ta.

Sai dai akwai wurin da na'ura ke tsayawa cik. Littafin da malaman Augie ke kira Askari, sunansa na ainihi Irshadus Salik na Ibn Askar, sharhinsa da ya fi yawo kuma As'halul Madarik ne na Abubakar Bakatsine. In mai shigar da bayani bai san haka ba, mai neman Askari zai buga sunan, kwamfuta ta ce babu, alhali kuwa ga shi can kan kanta. Haka nan marubucin Liya'ul Hukkami: wani ya rubuta Abdullahi bin Fudi, wani ɗan Fodiyo, wani Abdullahin Gwandu, sai mutum ɗaya ya zama uku. Lalle ne a haɗa malamin zaure da ma'aikacin laburare a tebur ɗaya, a shigar da kowane littafi da sunansa na Larabci, da wanda Hausawa suka san shi da shi, a kuma ƙulla matani da sharhinsa.

Abin da ya fi damuna ma rajistocin kotu ne. Bugun Masar in gara ta ci, ana sayo wani a kasuwar Kurmi. Rajistar da aka rubuta iyakar gonar wani a fadamar Rima shekara 60 da suka wuce kuwa kwafi ɗaya ce tak, ga gara, ga ɗigar rufi, ga ambaliya irin wadda ta mamaye kwarin nan cikin 2010. Da za a tambaye ni, da su zan ce a fara: a ba kowace lamba, a rubuta kotunta da shekarunta da irin rubutun da ke ciki, a ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye kwafi ɗaya a Birnin Kebbi, ɗaya a Argungu.