Yadda Kwamfuta Ta Koyi Dakatar da Aiki Ba Tare da Ta Kashe Shi Ba

A shekarun 1950, wanda ya miƙa wa kwamfuta aiki sai haƙuri. Ya kai katunansa masu huji, ya koma ya jira. In aikin ya kama hanya, ko dai ya kai ƙarshe ko a kashe shi a sake daga farko.

Sauyi ya fara ne a jami'ar MIT ta Amurka, inda Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gwada tsarin CTSS a watan Nuwamba na 1961 a kan na'urar IBM 709. Dabararsu ita ce mutane da dama su yi tarayya a kwamfuta ɗaya: na'ura ta ba aikin wannan ɗan lokaci, ta tsayar da shi, ta adana inda ya kwana, ta juya ga na wancan. Sai dai na'urar ce ke yanke wa za a tsayar.

Da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a Bell Labs a 1969, mai amfani yakan tura aiki bayan fage da alamar &, amma tun kafin aikin ya fara zai yanke wannan shawara. Wanda ke tsakiyar rubutu, kuma ya so duba wani fayil, allo ɗaya ke gabansa. Babu tagogi irin na yau. Wannan ƙunci ne ya haifi gyaran.

Abin burgewa, gyaran daga Ostiriya ya zo. Jim Kulp, ma'aikaci a cibiyar bincike ta IIASA da ke Laxenburg kusa da Vienna, shi ya ƙara wa C shell, manhajar karɓar umarni da Bill Joy ya rubuta a Berkeley, ikon dakatar da aiki da dawo da shi. Aikin ya fito cikin 4BSD, nau'in Unix na Berkeley, a 1980. Danna Ctrl da Z tare sai ya aika wa manhaja saƙon SIGTSTP, ta ƙame a inda take, duk abin da ke ƙwaƙwalwarta yana nan daram. A rubuta fg ta dawo gaban allo, a rubuta bg ta ci gaba a bayan fage, duka ta hanyar saƙon SIGCONT. Manhaja tana iya yin biris da SIGTSTP, ko ta fara kintsa allo kafin ta tsaya, kuma wannan tsari ne mai hikima. Akwai kuma SIGSTOP, wanda babu manhajar da ke da ikon ƙin sa.

KornShell, wata manhajar karɓar umarni, ya ɗauki tsarin, POSIX, ƙa'idar daidaita tsarukan Unix, ta shigar da shi a 1988, Bash na Brian Fox, shi ma manhajar karɓar umarni, ya fito da shi a 1989. (Wanda ya saba da Windows ya kula: a can Ctrl da Z goge kuskuren baya yake yi.)

A 2008 Linux ya sami hanyar daskarar da rukunin ayyuka a lokaci guda, wadda umarnin docker pause ya dogara da ita. Wayoyin iPhone kuwa, tun daga iOS 4 a 2010, sukan dakatar da manhajar da aka bari a baya domin batir ya daɗe, su farkar da ita da zarar an taɓa ta.