Haɗa Omifirazol da Domferidon a Kafso Guda: Nazari a kan Illar Saɓanin Wa'adi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tahƙiƙi a kan mas'alar shan omifirazol tare da domferidon, ta hanyar bitar hukuncin da hukumomin magani na Turai da Amurka suka yanke, kuma natijarta ita ce babbar illar haɗin nan tana tasowa daga saɓanin wa'adin da aka ɗibar wa kowannensu.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon kemis da yamma, musamman a watan azumi, ya ga mai fama da ƙwannafi ya dafe ƙahon zuciyarsa yana cewa, "Malam, a ba ni maganin olsa," sai a miƙo masa katin kafso wanda magani biyu ke ƙunshe a cikinsa, alhali shi ɗaya ya ɗauke shi. Na farko, omifirazol, wanda kamfanin Astra na Suwidin ya fitar a 1988, aikinsa rage ruwan tsamin da bangon ciki ke fitarwa. Na biyu, domferidon na kamfanin Janssen na Beljiyam, shi kuwa yana gaggauta wucewar abinci, yana kwantar da tashin zuciya.

Tattaunawa

Bayan ƙananan illoli irin su bushewar baki, da ciwon kai, da zubar ruwan nono ga wadda ba ta shayarwa, domferidon yana tsawaita tazarar da likitoci ke kira QT a zanen bugun zuciya, wato lokacin da zuciya ke ɗauka kafin ta shirya wa bugu na gaba, kuma idan tazarar ta wuce ƙima bugun yana iya rikicewa har ya kai ga mutuwar fuju'a. Bisa wannan hujja ce Hukumar Magunguna ta Turai ta taƙaita shi a 2014 ga tashin zuciya da amai kaɗai, miligiram 10 har sau uku a yini, kuma galibi kada ya zarce mako guda, tare da bayyana cewa haɗarin ya fi tsanani ga wanda ya haura shekara 60.

Omifirazol kuwa, a 2011 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa daɗewa a kansa, galibi fiye da shekara guda, yana rage sinadarin maganiziyam a jini. Ƙarancin maganiziyam kuma yana jawo ƙarancin fotasiyam, waɗannan biyun kuwa suna cikin gishirin da zuciya ke dogara da shi wajen daidaita bugunta.

To, a nan mafsadar take: da yake mai gyambon ciki yakan sha omifirazol mako huɗu zuwa takwas, wani ma ya lizimce shi shekaru ba tare da ganin likita ba, kafson da ya ɗaure su wuri guda yana tilasta wa maganin mako ɗaya ya bi ɗan'uwansa wannan doguwar tafiya, ɗaya yana raunana garkuwar zuciya, ɗaya yana dukanta. Al'amarin yana ƙara ta'azzara idan aka shigo da kilaritromisin don kashe ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, domin yana hana hanta sarrafa domferidon, ga shi shi ma yana tsawaita tazarar nan.

Kammalawa

Saboda haka maslaha ita ce a raba magungunan biyu, kowanne da larurarsa da wa'adinsa, kuma wajibi ne mai kemis ya tambayi shekarun majinyaci, da ciwon zuciya ko na hanta, da sauran abin da yake sha, kafin ya miƙa kati. Wanda kuwa ya ji faɗuwar gaba, ko jiri, ko suma yana kan wannan haɗi, to ya dakatar da shi, ya nufi asibiti a ranar, domin rai amana ne.