Rubutun Tsohuwar Masar: Tsakanin Zato da Hujja

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da aka daɗe ana yi wa gurguwar fahimta game da Tsohuwar Masar, babu kamar rubutunta, watau hiroglifi. Har yanzu akwai masu ɗaukar cewa hotuna ne kurum, kowane hoto yana ɓoye wani asiri na bokayen Fir'auna. Wannan zato shi ne ya hana a karanta rubutun shekara da shekaru.

2.0 Tushen Zaton

Rubutun hiroglifi na ƙarshe da aka san lokacinsa shi ne wanda aka sassaƙa a tsibirin Filaye a shekarar 394 Miladiyya. Bayan haka sai masu iya karatunsa suka ƙare. Littafin da ake jingina wa Horafolo, na wajejen ƙarni na 5, shi ya zama madogara. Alal misali, ya ce hoton ungulu yana nufin "uwa", wai domin babu namiji a cikin ungulaye. Ma'anar daidai ce, amma dalilin ba shi ba ne. Abin da ya sa, baƙaƙen da hoton yake wakilta, m-w-t, su ne baƙaƙen kalmar "uwa" a harshen. Ke nan sauti aka rubuta, ba hikima aka ɓoye ba.

3.0 Warware Ƙullin

A shekarar 1799 sojojin Faransa suka tsinci wani dutse a garin Rashid, ɗauke da sanarwar da aka yi a shekarar 196 kafin Miladiyya, cikin hiroglifi da dimotiki da Girkanci. A 1822 Champollion, wanda ya naƙalci Ƙibɗanci, ya nuna cewa alamomin suna ɗauke da sauti. Ta haka aka gane tsarin ya ƙunshi alamomin sauti, da na kalma sukutum, da waɗanda ba a furtawa, sai dai su fayyace ma'ana. Hoton baki r ne, ƙafa b, igiyar ruwa kuwa n. Baƙaƙe kawai ake rubutawa, ban da wasula, kusan yadda ake yi a Larabci maras wasali.

Da rubutun ya buɗe, sai wasu tatsuniyoyin suka rushe. Takardun Merer, da aka tono a Wadi al-Jarf a 2013, sun nuna ƙungiyar ma'aikata mai tsari, wadda ake ba abinci, tana jigilar duwatsu cikin jiragen ruwa daga Tura zuwa Giza a zamanin Fir'auna Kufu. Har ila yau, a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, masu aikin kaburburan sarakuna sun ajiye aiki saboda jinkirin hatsin ladansu.

4.0 Dangantaka da Hausa

Karanta harshen ya ba da damar kwatanta shi da wasu. A 1963 Greenberg ya jera Misiranci da rukunin Cadi, inda Hausa take, cikin iyalin Afro-Asiya. Ana kafa hujja da kalmomi irin su m-t da "mutu", f-d-w da "huɗu", da kuma t mai nuna tamata, kamar a "ta zo". Sai dai a nan ma wani sabon zato yakan kunno kai, cewa wai Hausa daga Misiranci ta fito. Hujjar ba ta kai nan ba. Abin da ta nuna shi ne kakansu ɗaya, wanda ya girmi dalar Giza da dubban shekaru. Zumunta ce ta 'yan'uwantaka, ba ta uwa da 'ya ba.

5.0 Kammalawa

Kuskuren Horafolo shi ne gina bayani a kan abin da ido ya gani. Manazarcin asalin Hausawa da ya tsinci kalma biyu masu kama da juna, ya ɗora tarihin ƙaura a kansu, hanyar nan ya bi. Daidaiton sauti mai maimaituwa da tsarin nahawu su ne hujjar da za ta tsaya.