Limamin Makarantar Kwana a Mishan na Wusasa: Asalin Aikin da Yadda Ya Sauya

A zamanin mulkin Turawa, wanda ya tashi daga birnin Kano ya yi gabas, ya ƙetare kogi a Wudil, ya shiga ƙasar Gaya da garuruwanta irin su Kademi, zai tarad da makarantun allo da zaurukan malamai ko'ina, amma ba zai ga makarantar sakandare ta kwana ta Ikilisiyar Angilika ba. Dalilin wannan sananne ne. Tun sa'ad da Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cikin 1903 cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba, razdanai suka riƙe wannan magana hujja ta tsare Turawan Mishan daga ƙasashen sarakunan Musulmi. Saboda haka mai neman sanin aikin limamin Kirista a makarantar kwana a ƙasar Hausa, tilas ya juya ya nufi Zazzau, gama can ne ƙungiyar C.M.S. ta sami wurin zama, da fari cikin birnin Zariya, daga baya kuma a Wusasa.

Aikin nan daga Ingila aka kawo shi, ya kuwa kamata a fara duban yadda ya ke a can. Cikin 1828 aka naɗa Thomas Arnold shugaban makarantar Rugby, wadda ta ke ɗaya daga manyan makarantun kwana na 'ya'yan masu hali. Da kujerar limamin makarantar ta zama babu kowa cikin 1831, sai ya roƙa a ba shi ita, ya haɗa da shugabancin, don a ganinsa wanda ke horon yara da rana shi ya cancanta ya yi musu wa'azi ran Lahadi. Daga nan wannan ra'ayi ya bazu cikin makarantun Ingila, watau cewa majami'ar makaranta ita ce cibiyarta, gyaran hali kuma shi ne gaba da ilimin littafi. Yawancin Turawan da suka zo Nijeriya ta Arewa, 'yan mishan da ma'aikatan gwamnati duka, a irin waɗannan makarantu ko a ƙarƙashin inuwarsu suka tashi. Shi ya sa ko Kwalejin Katsina, wadda gwamnati ta kafa domin 'ya'yan Musulmi, ta ɗauki tsarin gidajen kwana da wasanni da shugabannin ɗalibai irin na can, sai dai masallaci da malaman Arabiyya suka tsaya a gurbin majami'a.

Bisa tsarin Angilika, limamin makaranta firist ne wanda bishop ya ɗora wa hannu, ya kuma ba shi izinin aiki a wannan wuri. Ba shi da unguwa ko gari da ya ke kula da shi kamar sauran limamai, jama'arsa su ne ɗalibai da malamai da iyalinsu. Shi ke gabatar da addu'ar safe da ta maraice daga Littafin Addu'a, shi ke ba da Jibin Ubangiji, shi ke koya wa yara katikisma har su isa bishop ya zo ya tabbatar da su, yakan kuma shiga aji ya koyar da Littafi Mai Tsarki. Iyayengijinsa biyu ne: a kan sha'anin makaranta yana ƙarƙashin shugabanta, a kan sha'anin ibada kuwa bishop ya ke bi. Da Hausa aka ara masa sunan liman, aron kuwa ya yi daidai ta wani fanni, gama dukansu biyu su ke shiga gaban jama'a wajen ibada, su ake nema ran suna da ran aure da ran jana'iza. Amma liman na unguwa jama'a da sarki su ke yarda da iliminsa su sa shi gaba, wannan kuwa daga sama a ke aiko shi, a kan kuma ɗauke shi ba da shawarar waɗanda ya ke yi wa aiki ba.

A Zazzau aikin bai fara da wannan tsari ba ko kaɗan. Cikin 1900 Bishop Tugwell ya jawo ayarin mutum biyar zuwa Kano, cikinsu har da wani saurayi likita, Walter Miller, wanda ya riga ya koyi Hausa a Tarabulus wurin fatake da alhazai. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice. Suka komo Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Sai cikin 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Miller ya sami shiga birnin Zariya, ya zauna a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta cikin gidansa. Ya kai wa Lugga shawarar a kafa makarantar kwana ta 'ya'yan sarakuna a hannun mishan, Lugga ya nuna yarda, amma Gwamna Girouard da ya gaje shi bai bi wannan hanya ba. Gwamnati ta kafa tata makaranta a Nasarawa ta Kano cikin 1909 a hannun Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sani da Ɗan Hausa. Abin mamaki, shi kansa Ɗan Hausa da C.M.S. ya fara zuwa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati.

Da 'ya'yan sarakuna suka kuɓuce masa, Miller ya sami ɗalibai ta wata ƙofa da bai zata ba. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi aka yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya dage kan ɗaukaka matsayin Annabi Isa fiye da yadda malaman birni suka yarda, har aka kashe shi a kasuwa. Almajiransa, waɗanda a ke kira Isawa, suka watse wajen Ningi da gabashin Zazzau. Cikin 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller, aka kafa musu gari a Gimi, aka sa Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, ya zama limaminsu da malaminsu. Garin bai daɗe ba. Ƙudan tsando ya yi yawa a wurin, ciwon barci ya kashe mutane da dama, cikin 'yan shekaru aka watse, aka kwaso yara da yawa zuwa Zariya.

A nan ne bambancin Zazzau da Ingila ya fito fili, ya kuwa cancanci a tsaya a kansa. Yaron Rugby yana da gidan ubansa, in an yi hutu can ya ke komawa, addinin makaranta kuwa shi ne na gida, shi ne na sarkin ƙasar. Yaron gidan Miller sau da yawa maraya ne, ko ɗan da aka 'yanta daga bauta, ko wanda shigarsa Kiristanci ta raba shi da danginsa. Wanda ke yi masa addu'ar safe shi ne ke ba shi magani, shi ke ɗinka masa riga, shi zai nema masa aiki, watakila ma shi zai shige masa gaba wajen neman aure. Watau aikin da a Ingila a ke kira na limamin makaranta, a Zariya ya haɗiye na uba da na mai unguwa. Ta wannan fuska gidan ya fi kama da tsangayar malamin allo wanda aka danƙa wa almajirai amana, ci da sha da tarbiyya duk a wuyansa, fiye da yadda ya yi kama da Rugby. Wannan kusanci shi ne ƙarfin makarantar, shi ne kuma abin da mutanen birni suka fi tsoro, gama sun ga cewa wanda ya riƙe yaro dare da rana ya fi mai wa'azin kasuwa iko a kan zuciyarsa. Miller kuma ba mutum ne mai kame baki ba. Ƙararrakin da ya riƙa kai wa Turawan mulki a kan fada suna cikin abubuwan da masu tarihi kan ambata in suna maganar tuɓe Aliyu ɗan Sidi da kai shi Lakwaja, wannan kuwa bai ƙara wa mishan farin jini a birni ba.

Cikin 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, kusa da dutsen Kufena. Miller bai so wannan ƙaura ba, ya bar Zariya ya koma Kano, ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda ta fito da Hausa cikin 1932. Jagorancin sabon wuri ya faɗa hannun Rabaran Guy Bullen da samarin da suka zo daga Ingila don aikin ƙasar Hausa. Ɗaya daga cikinsu, Max Warren, ciwon tarin fuka ya mai da shi gida cikin 1928 tun kafin a ƙaura, daga baya ya zama babban sakataren C.M.S. daga 1942 zuwa 1963. Bullen kansa an naɗa shi mataimakin bishop na Masar da Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama cikin 1937. A Wusasa aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin magina Hausawa, da bakan gizo irin na soron sarauta, aka kafa asibiti da makaranta kusa da ita. Daga nan ayyukan da dā ke hannun mutum guda suka fara rabuwa: likita da asibitinsa, shugaban makaranta da ajinsa, liman da majami'arsa, katikis 'yan ƙasa kuma suna taimakonsa.

Jama'ar ba ta da yawa, amma abin da ta fitar ya fi ƙarfin adadinta. Daga cikinta Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa farkon kafa ta. Daga cikinta John Tafida ya fito, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da duk mai nazarin ƙagaggun labaran Hausa ya sani. Ishaya Audu, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi karatu a St. Bartholomew, haka kuma Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai wa'azi ne na C.M.S. a Wusasa. Sai dai a lura, waɗannan da suka yi nisa sun ƙarasa karatunsu a waɗansu wurare ne, Dikko a King's College ta Ikko, Gowon a Kwalejin Gwamnati ta Zariya, don a zamaninsu abin da Wusasa ke iya bayarwa bai kai matuƙar sakandare ba.

Cikakkiyar sakandare ta kwana, watau St. Paul, ta zo ne a ƙarshen zamanin Turawa, lokacin da Ikilisiyar Angilika ta Arewa ta sami bishop nata na kanta, John Mort, cikin 1954. A nan ne aikin limamin makaranta ya koma kusa da siffarsa ta Ingila, amma da wata sabuwar wahala. Ɗaliban yanzu ba 'ya'yan gida ɗaya ba ne. Akwai 'ya'yan Wusasa masu Hausa a baki, akwai na kudancin Zazzau da na Filato, akwai 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa na Sabon Gari, ba kuwa dukansu ne 'yan Angilika ba. Turanci ya zama harshen aji da na jarrabawa, Hausa ta ja baya zuwa majami'ar gari. Ilimin Littafi Mai Tsarki kuma ya zama darasi da a ke ci ko a faɗi a jarrabawar fita, har liman ya wayi gari yana yi wa yaro wa'azi da safe, da hantsi kuma yana ba shi maki. Tambaya mafi nauyi ita ce ta yaron da ba Kirista ba: in dokar makaranta ta ce kowa ya hallara a majami'a, ina matsayinsa? Hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu, ta ba da shawara cikin 1958 a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, tsarin mulkin 1960 kuwa ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko halartar ibadarsa in ba nasa ba ne. Wannan doka tana nan a sashe na 38 na tsarin mulkin 1999. Ta kare ɗan Musulmi a makarantar mishan, ta kuma kare ɗan Kirista a makarantar gwamnati ko ta En'e, amma ta rushe ginshiƙin ra'ayin Arnold, wanda ya ɗauka makaranta duka jama'ar ibada guda ce.

Tun kafin a kai ga haka ɗalibai sun fara ɗaukar wani sashi na aikin da kansu. An kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi, M.S.S., a Ikko cikin 1954, aka kafa ta ɗalibai Kirista, F.C.S., a Arewa cikin 1957, kowace kuwa ta bazu cikin makarantun kwana da shugabanninta na ɗalibai da malami guda mai duba su. Sa'an nan a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Abba Kyari, gwamnatin Jihar Tsakiyar Arewa ta karɓi makarantun mishan. Aka sake musu suna: St. John ta Katolika a Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul ta Wusasa kuwa aka sa mata sunan dutsen da ke kusa da ita, ta zama Kwalejin Kufena. Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Janar Gowon, ɗan Wusasa. Daga ranar, ma'aikatar ilimi ce ke naɗa shugaba da malamai, bishop ba shi da sauran iko a kan wanda zai tsaya gaban ɗalibai da safe. Koyar da addini ya zama darasi biyu cikin jadawali, na Kirista da na Musulunci, kowane da malaminsa mai albashin gwamnati. Majami'ar ƙasa ta 1929 ta ci gaba da zama ta jama'ar gari, cikin 1997 kuma aka ba Wusasa bishop nata.